Sifikar Ɗakin Amarya

Zaharadeen mai shago bai gama murɗa sautin ba, akuyar da ke kwance a inuwar ƙofar shagon ta zabura ta tsallaka titi ko waiwaye babu. Kwalayen ƙwan fitila da ke jere a kan kanta suka hau rawa. Daga cikin baƙin akwatin nan mai kai wa mutum ƙugu, wani ƙato yake kwarara ihu da Turanci kamar an taka masa ƙafa, ganguna na bin sa a guje, fitilu ja da kore suna ta zagaye bakin sifikar.

"Baba, ka ji ƙarfi!" in ji Zaharadeen, yana ɗaga murya don a ji shi. "Ita ake yayi. Duk amaryar da aka kai a Kazaure tun daga salla, ita aka kai mata. Sai dai ni ban taɓa gwada ta da irin wannan abin ba."

Malam Ukasha ba sifikar yake kallo ba. Idonsa na kan saurayin da ke tsugune a bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa. Musaddiƙ ke nan, malamin gona daga Roni, wanda aka sa wa rana da 'yarsa. Malam Ukasha ya yi wa mai shagon alama da hannu, aka kashe. Shirun da ya biyo baya har kunne yake yi wa nauyi.

"Malam Musaddiƙ, yaya ka ji wannan?"

"Duk wadda Baba ya zaɓa ta yi," in ji Musaddiƙ, bai ɗago ba.

Da ma ba huruminsa ba ne ya zo wurin nan. Kayan ɗaki sha'anin iyayen amarya ne, ango ba ya ganinsu sai an gama jere. Siriki kuwa, in ya hango surukinsa a kan hanya, lungu yake nema. Amma da safiyar nan Malam Ukasha ya kira shi a waya da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ya same shi a shagon kayan wuta na bakin kasuwa. Yadda yaron ya dinga jero gaisuwa a wayar, Malam Ukasha zai iya rantsewa a durƙushe ya amsa ta.

Dalilin duk wannan 'yarsa ce Nafisat, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa bakinsa bai taɓa kiran ta da komai ba sai Uwa. Lokacin da ta samu tallafin karatun jinya a Indiya, 'yan uwa suka yi ta tsokana, wai za ta dawo musu da waƙoƙin soyayya buhu-buhu. Ta je ta dawo lafiya, da takardarta, da hankalinta, da addininta, ba abin da ya ragu. Abin da ya ƙaru shi ne wannan kiɗan da ta koyo a wurin wata ƙawar ɗakinta, wai shi metal. Ranar da aka fara jin sa daga ɗakinta, mahaifiyarta Tasalla ta saki muciya ta ruga, tana zaton wayar wuta ce ta haɗe.

Tun daga nan Malam Ukasha bai fasa mita ba. Ya kira shi injin niƙa, ya kira shi faɗan karnuka, ya ce ko jakin da aka yi wa ƙaho ya fi mutumin nan murya. Uwa takan yi dariya ta rage, amma ba ta kashewa. 'Yar ƙaramar sifika ce da ita mai kama da gwangwanin madara, duk ta gaji, in ganga ta yi nauyi sai ta hau kakari. Lokacinta kuma sananne ne: in ta dawo daga ɗakin haihuwa na asibiti ta yi sallar la'asar, sai ta tura ƙofa.

Shi mutum ne da ya yi rayuwarsa yana duba dabbobi kafin ya yi ritaya, kuma aikin ya koya masa lura da wanda ba ya faɗar abin da ke damun sa. A hankali ya gane akwai ranakun da take shigowa gida ba ta iya haɗa ido da kowa, gaisuwarta a taƙaice, in ta karɓi ruwa ta kurɓa kaɗan ta ajiye. Irin ranar da aka rasa uwa ko ɗa a hannunta ke nan. Ba ta ba da labari, ba ta kuka a gaban mutane. Takan shiga ɗaki, mutumin nan ya yi ta ihu a madadinta, can sai ta fito ta wanke fuska ta ce, "Inna, me aka dafa?" ta zauna ta ci tuwo har da ƙari. Daga lokacin mitarsa ta zama ta baki kawai.

Sai ga shi a farkon makon nan, ana lissafa abin da ya rage na kayan ɗaki, Tasalla ta ambaci sifikar falo. Uwa ta ce a sayi kowace iri, ta ado ce. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan memorin da waƙoƙin ke ciki, ta ajiye a gefen tabarmarsa.

"Baba, ka huta. A gidan nan zan bar shi. Ka jefar."

"Shi Musaddiƙ ɗin ne ya ce ba ya so?"

"Bai ma san ina ji ba," ta ce. "Kuma ba sai ya sani ba. Gidansu gidan yawa ne, ɗakin Hajiyarsa bango ɗaya ne da namu. Me za a ce an kawo musu?"

Tasalla ta yi hamdala har da ɗaga hannu. Shi ma ya kamata ya yi, amma ya kasa. Ya kwana yana juya maganar. Aikin asibiti ba zai bar ta ba don ta yi aure, ranakun nan masu nauyi za su ci gaba da zuwa, ta koma wani gida ta tura ƙofa, babu abin da zai yi ihu a madadinta. Tsoro ya ji, tsoro sosai, kada 'yarsa ta je ta zama baƙuwa a ɗakinta, tana murmushi tana haɗiyewa. Bai jefar da memorin ba. Ya yanke shawarar zai sa yaron a gaba, a kunna masa abin, ya ga fuskarsa da idonsa tun kafin a ɗaura.

To ga fuskar, amma ƙeya kawai ake nuna masa.

"Kawo wata," ya ce da Zaharadeen.

Ta biyun doguwa ce siririya kamar sandar makiyayi, irin wadda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talabijin. Zaharadeen ya share ta da gefen rigarsa, ya ce wannan ta 'yan gayu ce, har da rimot. Aka mayar da memorin, waƙar ɗazu ta sake tasowa. Ta farkon ta cika ɗaki da dundum har ƙirji na amsawa, amma ta dunƙule komai wuri guda, ba ka sanin ina ganga ta tsaya, ina jita ta fara. Wannan kuwa akasin haka ta yi. Muryar mutumin ta fito tsirara, ƙarafan da mai ganga ke duka suna tsinke kunne, gangar kanta ta koma kamar ana buga bokiti. Kafin a kai tsakiya Malam Ukasha ya ji haƙoransa sun fara tsami.

Hamma tela, mai shagon da ke manne da wannan, ya leƙo da tef a wuya.

"Zaharadeen, lafiya? Ko masu aljanu aka kawo maka?"

"Baba ne ke sayen kayan ɗaki."

Hamma ya dubi dattijon, farin gemu, hula zanna, carbi a hannu, ya dubi sifikar, ya rasa ta inda zai haɗa su. Ya ce Allah ya sa alheri, ya koma, amma ba a sake jin ƙarar kekensa ba. 'Yan adaidaita biyu ma sun rage gudu a ƙofar shagon.

"Wannan fa?" Malam Ukasha ya sake tambaya bayan an kashe.

"Ita ma ta yi, Baba."

"Ta fi ta farkon?"

"Yadda Baba ya gani."

Malam Ukasha ya ja carbinsa da ƙarfi. Sai yanzu ya ga wautar da ya tafka. Ya ɗauko yaro mai tarbiyya ya tsugunar a gabansa, yana jiran ya ce masa ba ya son abin da surukinsa ya kawo. Ko garwashi ya zuba masa a tafin hannu ya tambaye shi, cewa zai yi ya yi daidai. Shi kansa da yana saurayi, in mahaifin Tasalla ya shigo kasuwar shanu ta gabas, ta yamma yake fita. Gumi ya jiƙa bayan rigar Musaddiƙ, kuma babu mai iya cewa na kiɗan ne ko na kunya.

Yana shirin cewa a bar shi haka, idonsa ya faɗa kan wasu akwatuna biyu na katako a kusurwa, Zaharadeen ya ɗora butarsa a kan ɗaya, kwanon abincinsa a kan ɗayar.

"Waɗancan fa?"

"Haba Baba, waɗannan 'yan gwanjo ne, cikin kayan Beljiyam suka zo. Ba fitila, ba rimot, sai an haɗa su da amfilifaya. Ka kai wa amarya wannan, ai 'yan jere sai su yi da ku."

"Haɗa mu ji."

Zaharadeen ya haɗa yana gunaguni, ya ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya busa ƙurar da ke kansu. Da aka kunna, Malam Ukasha ya gyara zama, ya shirya wa duka. Dukan bai zo ba. Kiɗan dai shi ne, ihun ma shi ne, amma kowa ya koma mazauninsa. Mai ganga na tsakiya, ana jin ƙafafunsa daban, hannuwansa daban. Wani abu mai kauri na tafiya a ƙarƙashi, bai danne kowa ba.

"Ashe masu jitar su biyu ne," ya ce, shi da kansa bai san a fili ya faɗa ba.

Ɗaya na dama, ɗaya na hagu, wannan ya faɗa wancan ya amsa. Can tsakiyar waƙar sai duk suka lafa, aka bar jita ɗaya tana tafiya a hankali, mutumin da ke ihu ya sauke murya ya koma kamar mai rarrashi. Shekara da shekaru waƙar nan na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar Uwa, bai taɓa sanin akwai wannan wurin a cikinta ba, gwangwanin madarar nan haɗiye shi yake yi. Ya ce a rage sauti. Aka rage. Ya ce a ƙara ragewa, har ya zama mutum zai iya magana a kai ba tare da ɗaga murya ba. Ba abin da ya ɓace, kowa na nan, sun dai matsa nesa kaɗan. Bai ce kiɗan ya yi masa daɗi ba, don bai yi ba. Amma ya yarda mutane ne ke yin sa, kuma sun san abin da suke yi.

Bai sake tambayar Musaddiƙ ba, ya gaji da jin amsar. Sai ga yaron ya ɗan muskuta, ya yafito mai shagon, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ɗauki takalmansa ya fice da baya-baya.

Shi ke nan, in ji Malam Ukasha a ransa. Ya gudu. Ya fara tunanin yadda zai dubi Uwa, shi da ya je ya tona abin da ta rufe.

"Baba," in ji Zaharadeen yana sosa ƙeya, "wai ya ce in roƙe ka, in ba damuwa, a sake sa su ɗaya bayan ɗaya. Wai zai tsaya a lungu ta bayan bango."

"Ta bayan bango?"

"Haka ya ce. Ni dai yau na ga ciniki."

Aka sake bi ta kansu, babbar, da siririyar, da 'yan katakon, kowace a daidai sautin da mutum zai sa a ɗakinsa. Da aka gama, Malam Ukasha bai jira a dawo masa da saƙo ba. Ya sa takalmi ya zagaya. Lungun matsattse ne, ga kwata a tsakiya, daga ƙarshensa ana hango duwatsun bayan gari. Musaddiƙ na tsaye, ya dafa bangon shagon da tafin hannu. Yana ganin surukinsa ya yi niyyar zubewa.

"Kada ka tsuguna, kwata ce a nan. Tsaya yadda kake."

Malam Ukasha ya tsaya ɗan nesa da shi, shi ma ya fuskanci bangon, kamar masu duba aikin magini. Ya lura in ba a haɗa ido ba, numfashin yaron ya fi daidaita.

"Me ka ji?"

"Ta farkon ta ƙasa take bi, Baba. Har a tafin ƙafata na ji ta. Hajiya na da hawan jini, takan ɗan kwanta da yamma, ba za ta iya da ita ba. Ta biyun, muryar ce ke hudowa. Ta ukun kuwa sai da na kara kunne."

"Wa ya ce maka a gidanku za a sa wannan abin?"

Musaddiƙ ya ƙara manna tafinsa a bangon.

"Ai na san waƙar, Baba. Ita ce mai lafawa a tsakiya. In ta lafa, an kusa ƙarewa."

Malam Ukasha ya juyo, ya tuna, ya mayar da fuskarsa ga bango.

"A ina ka san ta?"

"Tagar ɗakinta ta lungunku take kallo. Ko a rufe take, ana ji." Ya rage murya. "Farkon zuwana, ina isowa nake sallama. Sai in ji an kashe, ta fito. Za ta gaishe ni, ta yi murmushi, amma irin wanda ake yi wa majinyaci. Wata rana na iso ina amsa waya, ban yi sallama ba har abin ya ƙare da kansa. Da ta fito ranar, sai na ga wata daban, har tsokanata ta yi. Tun daga nan in na zo na ji ana yi, nakan kashe babur daga nesa in turo shi, in tsaya a jikin katanga sai ya ƙare."

"Kana jin daɗinsa ke nan."

"A'a, Baba." Ya faɗe ta da sauri, sannan ya ji abin da ya faɗa, ya ƙara sunkuyar da kai. "A gafarce ni. Wallahi kaina har sarawa yake."

Dariya ta kuɓuce wa Malam Ukasha, irin wadda ya daɗe bai yi ba, har ya dafa bangon shi ma. Tun safe yake neman kalma ɗaya ta gaskiya daga bakin yaron nan, ga ta ya samu a kan kwata.

"Ni ma haka," ya ce. "To me ya hana ka gaya mata ka sani?"

"Ita ba ta faɗa ba. Na ga in na faɗa, kamar na leƙa mata ɗaki ne."

"Ta ce a gidana za ta bar shi. Saboda kai, da Hajiyarka."

Wannan karon Musaddiƙ ne ya manta ya juyo, suka haɗa ido, ya yi maza ya kawar.

"Kada a bari, Baba," ya ce a hankali. "Ni ban san abin da zan yi mata ba in ta dawo a irin ranakun nan. Shi kiɗan ya sani."

Malam Ukasha ya gyaɗa kai. Ya gyara hularsa, ya koma cikin shago ya ce a ɗaure masa 'yan katakon da amfilifayarsu. Zaharadeen ya yi iya ƙoƙarinsa, har ya ce zai ƙara masa da fitilar ado kyauta in ya ɗauki babbar, don kada sunan shagonsa ya ɓaci a wurin jere. Da ya ga ba ci, ya sauke butarsa da kwanonsa ƙasa yana cewa yanzu kuma sai ya nemi tebur. Musaddiƙ ya ɗora kayan a adaidaita, ya ce zai tsaya ya yi la'asar a masallacin kasuwa. Bai ce zai biyo baya ba, Malam Ukasha ma bai tambaya ba.

A gida Tasalla ta zagaya akwatunan tana riƙe da haɓa.

"Malam, wannan fa? Akwatin kiwon zuma ka sayo?"

"Sifika ce."

"Labulen ruwan zuma ne da fari, kujerun ma haka. Wannan da me ya dace? Dangin ango su shigo su ga tsohon katako, su ce mun gaza?"

"Ki ɗinka musu riga," ya ce. "Hamma tela na nan."

Ta bi shi da kallo, ta ce ita dai ba da ita ba, ta koma madafi tana magana ita kaɗai. Shi kuwa ya kinkimi kayan ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin Uwa, ya haɗa wayoyin yadda ya ga an yi, ja da ja, baƙi da baƙi, ya soka memorin. Ya ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu. Da ya gama ya tsaya yana duban ɗakin, akwatunan lefe a jere, katifa a jingine. Nan da ɗan lokaci ba mai tura ƙofar nan bayan la'asar, gidan zai yi shirun da ya daɗe yana roƙo, kuma ya san ba zai ji daɗinsa ba.

Uwa ta dawo da farin kayanta a ƙarƙashin hijabi. Daga yadda ta yi sallama ya san irin ranar ce. Ta gaishe su a taƙaice, ta karɓi ruwa ta kurɓa kaɗan ta ajiye, ta yi alwala ta shige. Ya ba ta lokaci ta idar da salla, sannan ya je ya tsaya a bakin ƙofa. Tana zaune a kan sallaya, ta zuba wa akwatunan katakon ido.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kayan ɗakinki."

Ya shiga ya danna inda aka nuna masa, ya daidaita sautin ƙasa-ƙasa. Gangunan suka taso.  Ya ga kanta ya ɗan karkata dama, ya dawo hagu, tana bin masu jitar. Kafaɗunta da suka ɗaure tun shigowarta suka fara sauka.

"Ban taɓa jin sa haka ba," ta ce. Sannan ta girgiza kai. "Baba, na gode, amma na gaya maka. Ba zan kai wannan gidan mutane ba."

"Ba ni kaɗai na zaɓa ba. Ni na saurara ta ciki, Musaddiƙ ya saurara ta bayan bango, saboda Hajiyarsa. Ya ce wannan ba ta tsallaka bango."

Ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Ka gaya masa?"

"Shi ya gaya mini. Ya san waƙar nan, ya san inda take lafawa. Ya daɗe yana tsayuwa a lungun nan da baburinsa a kashe, yana jira ta ƙare kafin ya yi sallama."

Ta rufe fuska da tafukanta. Ya bar ta. A tsakar gida Tasalla na kwankwasa muciya a bakin tukunya.

"Ya ce yana so?" ta tambaya ta cikin yatsunta.

"Ya ce kansa har sarawa yake. Ya kuma ce kada a bari ki bar shi."

Wani sauti ya fito mata, rabi dariya rabi kuka. Malam Ukasha ya fita zaure don ya ba ta wuri, ya ɗan leƙa waje. Babur na jingine a bakin lungu. Mai shi na tsaye a jikin katanga, ya karkata kai, ya matsa gaba, ya dawo baya, ya sake karkatawa, duk ya rikice. Malam Ukasha ya koma ciki.

"Yana waje," ya ce. "Sai dai ya jawo wa kansa. Ya zaɓi wadda ba ta tsallaka bango, yanzu bai san ko ana yi ko an gama ba. In ba a taimake shi ba, nan zai kai magariba."

Uwa ta sauke hannuwanta, idanunta sun yi ja. Ta dubi amfilifayar, ta taka zuwa wurinta, ya ga hannunta ya nufi abin kashewa. Hannun ya tsaya a kai, ya ɗan jima. Sannan ta ɗauke shi, ta wuce, ta zare sakatar tagar da ke kallon lungu, ta tura ta ta buɗe duka. Ta dawo ta zauna a kan sallayarta, ta ƙara sautin kaɗan.